Saƙo Bakwai a Wayar Baba

Auta tana da durowa guda a ɗakinta da ba a ajiye komai a ciki sai wayoyi. Goma sha ɗaya ne, kuma babu ta kirki ko ɗaya. Wata gilashinta ya tsage kamar yanar gizo, wata batirinta ya kumbura har bayanta ya buɗe baki, wata kuma sai an lallaɓa ta an jingina ta da kofi kafin ta yarda ta sha caji. A wurin Auta ba tarkace ba ne, abokan aiki ne. Sana'arta rubuta manhajar waya a wani ƙaramin kamfani da ke saman bene, kuma duk abin da ta rubuta sai ta gwada shi a kan waɗannan tsofaffin. A cewarta, manhajar da ta yi aiki a sabuwar waya ba ta yi abin yabo ba, ai ko gurgu aka ɗora a mota zai riga mai ƙafa isa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubanta shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo, kuma a ƙarƙashin teburinsa ta yi wayo, tana tsintar ƙananan kusoshi tana jera su. Sai dai ta gaji hannunsa ba ta gaji kansa ba. Shi mutum ne mai kaifi ɗaya, ita kuwa Allah ya zuba mata mafarkin ido biyu.

A wurin aikinsu akwai ƙa'ida. Idan ana gwada manhaja sai a cika ta da mutanen ƙarya, a sa musu Gwaji Ɗaya, Gwaji Biyu, a kuma ja jan layi a saman fuskar wayar, don duk mai ido ya san wannan kwafin gwaji ne, abin da ke ciki ba gaskiya ba ne. Auta tana jan layin, amma sunayen nan ba su taɓa shiga ranta ba. An ba ta manhajar wani kantin magani ta gwada, kafin la'asar ta ƙirƙiro wani dattijo mai sayen maganin tari kullum don kawai ya ga mai kantin, da wata mata mai 'yan biyu da ba sa zazzaɓi sai tare.

Dogo, wanda teburinsa ke kallon nata, ya leƙo ya karanta ya riƙe baki.

"Ke dai matsalarki," in ji shi, "ko kwalaben magani aka ce ki ƙirga, sai kin ɗaura musu aure."

"To su zauna haka nan ba dangi?"

"Wata rana mutanen nan naki za su biyo ki gida, ina gaya miki."

Ta yi dariya ta jefe shi da murfin biro.

A gida su biyu ne, ita da Baba. Mama ta rasu da daɗewa. Yaya kuwa, babban ɗan gidan, shekara shida ke nan bai tako ƙofar ba. Abin da ya faru ba wani dogon labari ba ne. Baba ya kwanta jinyar ƙafa na wata biyu, Yaya ya riƙe shagon, ya ga babu mai kawo rediyo kuma, sai ya kwashe tsofaffin rediyoyin da suka cika kanta ya bayar, ya mai da wurin shagon gyaran waya. Ranar da Baba ya dogara sanda ya je ya ga kantar nan fayau, sai ya tsaya a bakin titi, gaban maƙwabta da masu wucewa, ya ce wa ɗansa tun da aka haife shi bai iya komai ba sai ɓarna, kuma kada ya ƙara sallama a gidansa. Yaya ya ajiye makullin a kan tebur ya tafi. Dukansu biyu zuciya ɗaya aka ƙera musu, babu mai lanƙwasawa.

Auta tana da lambarsa. Sukan gaisa jefi-jefi, amma da sharaɗi. Tun farko ya ce mata, "Ki gaishe ni in gaishe ki. Ranar da kika kawo min zancen gidan nan zan rufe lambarki." Ta san zai aikata, don haka ta kama bakinta, har lokacin da idon Baba ya fara dushewa, har ya kai ba ya ganin komai sai haske da inuwa.

Saboda idon ne ta fara rubuta masa manhaja tasa shi kaɗai. Abu ne mai sauƙi. Idan saƙo ya shigo, wayar ta yi ƙara ta faɗi sunan mai aikowa ta karanta masa. Idan yana son amsawa, ya danna ko'ina a ƙasan gilashin ya yi magana. Wata uku tana fama da ita a ranakun hutu.

Wata Asabar da rana ta zo kan gwajin ƙarshe. Tana son ta tabbatar saƙo zai riƙa fitowa a kan lokaci ko da wayar tana barci, don haka sai ta shirya saƙo bakwai, ɗaya kowace safiya ƙarfe tara, ta cusa su a cikin manhajar kanta. Saura sunan mai aikowa. Ta ɗora yatsu za ta rubuta Gwaji Ɗaya, sai ta tsaya. Rana ta ratso labule ta kwanta a kan tebur, ƙura tana yawo a cikin hasken a hankali. Fanka tana juyawa. Daga ɗaya ɗakin tana jin Baba yana murɗa rediyonsa, tasha ta shigo ta fita. Ba ta san lokacin da ta rubuta Yaya ba.

Daga nan kuma abin ya tafi da ita. Ta gan shi zaune a wani shago da ba ta taɓa gani ba, ya ɗan yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gefen kunne, ya ajiye wayar wani da yake gyarawa ya ɗauki tasa. Ta ba shi kalmomin da ta shekara shida tana jira. Na farko gaisuwa ce kawai: Baba, ina kwana, ni ne. Na biyu ya tambayi idon. Na uku ya ce ya yi mafarkin gidan, an sake wa ƙofar fenti. Haka ta yi ta zubawa, tana murmushi ita kaɗai, har ta kai na bakwai, ta rubuta: Baba, gobe ina tafe, a bar min ƙofa a buɗe. Ta share ƙwalla, ta yi wa kanta tsaki, ta ja jan layin nan a sama kamar yadda aka saba.

Washegari da yamma ta gama ainihin kwafin, wanda babu kowa a cikinsa sai ita da likita da maƙwabcinsu. Kwafi biyu suna zaune gefe da gefe a kwamfutarta, sunansu ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta. Ta jona wayar Baba, ruwan shayi ya tafaso a kicin, ta danna ta tashi da gudu. Da ta dawo wayar ta gama, Baba ya riga ya lalubo ta yana juya ta a hannu. Ta kama yatsansa ta nuna masa inda zai danna, idonta a kan fuskarsa don ta ga ko ya gane. Jan layin yana nan ɓaro-ɓaro a saman gilashin. An yi shi don masu ido, mai idon kuma ba ta duba ba.

Ranar Litinin da ta dawo daga aiki, tun daga ƙofa ta ji ƙamshin sabulun aski. Baba yana zaune a kujerar falo, ba a kan gado ba, ya sa rigar da yake sawa in za shi asibiti, ya aske gemunsa da kansa har ya ɗan yanke a haɓa.

"Baba, baƙi za mu yi?"

"Zo nan," in ji shi. "Zauna. Ki ji."

Ya zaro wayar daga aljihun gaba ya danna. Muryar injin nan, ta mace, wadda ba ta san inda ake ja da inda ake saukewa ba, ta ce: Saƙo daga Yaya. Baba, ina kwana, ni ne.

Auta ta leƙa wayar a hannunsa. Ta kalli gilashin ta ga jan layi.

"Kin ji?" Baba yana murmushi, irin wanda ta manta yana da shi. "Ko da muryar matar nan ta inji, ai na gane maganarsa. Ke kika ba shi hanya, ko? Munafuka, kika yi shiru."

Bakinta ya buɗe. Da a lokacin ta faɗa, da ciwon na yini ɗaya ne. Amma ta dubi haɓar nan da ya yanke, sai ta ji kanta tana cewa, "Ka amsa masa?"

"Na amsa mana. Ba dai da yawa ba. Kada ya ɗauka jiransa ake."

A kwafin gwaji, duk amsar da aka yi ba ta zuwa ko'ina sai kwamfutar wanda ya rubuta manhajar. Washegari a wurin aiki ta ga fayil ɗin yana jiranta. Ta sa abin ji a kunne ta fita ta zauna a kan matakalar bene. Daƙiƙa huɗu ne. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Na ji. Lafiya lau." Shi ke nan.

Ta yanke shawarar za ta karɓi wayar ta goge sauran, daga baya ta san ƙaryar da za ta yi. Sai dai saƙonnin a cikin wayar suke, dole sai ta jona ta da igiya, wayar kuwa ta zama kamar tsokar jikin Baba. Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

"Baba, kawo in sa maka caji."

"Ni za ki koya wa sa caji? Ina haɗa waya da waya tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba."

Ya laluba bango, ya sami soket, ya soka igiyar a karo ɗaya, ya zauna kusa da ita ya ɗora hannu a kai.

Kwanakin nan wani irin abu ne da Auta ba za ta iya ba shi suna ba. Gidan ya yi haske. Baba ya koma cin abinci har yana neman ƙari, ya sa ta buɗe tagogin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ita kanta wani lokaci sai ta manta. Ranar da ba ta fita da wuri ba, tana wanke kofuna ta ji wayar ta yi ƙara ƙarfe tara, gabanta ya faɗi don murna, ta kasa kunne ta ji me Yaya zai ce, kafin ta tuna ita ta rubuta. A cikin mota in za ta aiki takan jingina kai da gilashi ta ga su ukun a tebur ɗaya, ana gardama a kan wace tasha za a kama. Tana jin daɗi, tana kuma jin tsoro, duka a lokaci ɗaya.

Amsoshin Baba suka riƙa tsawo. Ranar Talata ya ba da labarin idon, ya ce likita ya ce sai haƙuri. Ranar Laraba ya yi dariya ya ce ƙofar tana nan da tsohon fentinta, wa zai shafa? Ta Alhamis minti uku ce, kuma rabinta shiru ne.

"Akwai rediyon nan," in ji muryar Baba a kunnenta, "na mai wanki, baƙi, mai karyayyen hannu. Kana shekara tara. Ka taɓa shi ya yi magana, na ce maka sa'a ce. To ba sa'a ba ce. Kwana uku na yi ina neman ciwonsa ban gani ba. Haushi na ji, yaro ya riga ni." Ya yi shiru, ana jin fanka. "Abin da na faɗa a bakin titi ma ba gaskiya ba ne. Ka iya. Ka fi ni iyawa. Rediyoyin ne suka mutu, ni kuma na rasa wanda zan kama." Wani shirun. "Ka yafe wa tsoho."

Dogo ya same ta a kan matakala, fuska jiƙe. Ya zauna mataki biyu ƙasa da ita, bai yi tsokana ba. Ta gaya masa komai.

"Na nawa aka kai?"

"Na huɗu."

"Na bakwan me ya ce?"

Ta faɗa masa. Ya dafe kai.

"To ko ki ƙara rubuta wasu," in ji shi, "ki ce tafiyar ta fasu, ki yi ta yi har illa masha Allahu. Ko kuma ki faɗa masa. Ni dai ban ga ta uku ba." Ya ɗago ya dube ta. "Kin iya rubutun, ba a nan take ba. Amma tsohon nan da wa yake magana?"

Ta san amsar. Da kwamfutarta yake magana.

Ta kai har Asabar tana jan ƙafa. Da yamma, rana ta yi sanyi, ta same shi a tsakar gida yana shan iska, wayar a cinyarsa. Ya ce mata gobe in ta sami sarari ta share ɗakin yayanta ta shanya katifar, ba don komai ba, ɗaki in ya daɗe a rufe yana wari. Ta durƙusa a gabansa, ta riƙe ƙafar kujerar.

"Baba, na yi maka laifi."

Ta faɗa tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba. Gwajin, da sunan, da ruwan shayin da ya tafaso, da jan layin da ba ya gani. Ta ce Yaya bai san da manhajar ba ma. Ta ce ita ce ta rubuta duka, har wanda zai fito gobe.

Baba bai motsa ba. Murmushin kwana shidan nan ta ga yana sauka daga fuskarsa a hankali, har ya koma tsohon da ta sani. Da zagi ya yi da ta fi samun sauƙi. Can ya ce, "Har mafarkin ƙofar?"

"Har shi."

"Lallai kin iya." Ya juya wayar a hannunsa. "Na ce yaron nan yaushe ya koyi daɗin baki."

Tsuntsaye suna ta komawa bishiyar maƙwabta. Ta jira.

"Abin da na faɗa fa? Ina ya tafi?"

"Yana wurina, Baba."

"Kin ji?"

"Na ji."

"Duka?"

"Duka."

Ya sauke numfashi mai tsawo. "Shekara shida maganar nan tana maƙale a wuyana. Da na san shi ne zai fara ji kai tsaye, wataƙila da ba ta fito ba har in mutu." Ya miƙo mata wayar, karo na farko a mako guda. "Cire na goben, ba na son jin sa. Nawa kuwa ki kai wa mai shi. Kada ki gyara, kada ki ƙara ko kalma. Na san halinki."

"Ya ce in na kawo zancen gida zai rufe lambata."

"To sai mu zama mu biyu. Dā ma ni kaɗai ne."

Ta shiga ɗaki ta goge kwafin gwajin, ta loda na gaskiya, ta sa ainihin lambar Yaya a ciki. Sannan ta ɗauki tata wayar. Sau biyar tana rubuta bayani mai daɗi tana gogewa. A ƙarshe ta rubuta abin da ya faru a layi uku, ta haɗa da muryoyi shidan, ta tura. Alamar ta nuna ya shiga. Bayan ɗan lokaci ta nuna an buɗe. Babu amsa.

Da safe Baba bai yi aski ba, amma ya fito falo ya zauna, wayar a aljihun gaba. Ƙarfe tara ta yi, ta wuce, babu abin da ya yi ƙara. Auta ta kawo shayi ya huce a gabansa. Ta duba wayarta ya fi sau ashirin, tana neman alamar ko an rufe ta. Ta ji ta tsani manhajar, da durowar, da hannunta.

Goma da kusan rabi aljihun Baba ya ɗau ƙara. Ba saƙo ba ne, kira ne. Muryar injin ta faɗi sunan. Yatsan nan da bai taɓa kuskuren soket ba sai da ya lalubi gilashin sau uku.

Da farko ba a jin komai sai hayaniyar titi da hon ɗin mota. Sannan wata murya, ta fi wadda Auta ta sani kauri, ta ce, "Baba."

"Na'am."

Wani ya wuce yana talla a can ɓangaren.

"Ban ji duka ba," in ji Yaya. "Na Alhamis kawai na buɗe, shi ya fi tsawo." Ya yi tari. "Ya... ya ƙafar?"

"Ƙafa ta warke tun tuni. Idon ne."

"Wane ido?"

"Nawa. Sun tafi, shekara biyu ke nan."

Hayaniyar titin ta ci gaba. A ƙarƙashinta aka ji wani sauti, na babban mutum da yake ƙoƙarin danne kuka a gaban jama'a ya kasa. Bai ce ya yi mafarki ba, bai ce yana tafe ba, ko yafiyar ma bai ambata ba. Sai "Baba" kawai yake maimaitawa.

Baba ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashin 'yarsa.

"Wannan shi ne," in ji shi. "Tashi ki ja mana ƙofa."

Ta tashi ta fita, ta ja ƙofar a hankali.